Tauraron da Ba Shi da Turke

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya watsa taurari cikinta yadda ake watsa wa kaji tsaba. Ni ne Cindo ɗan Jari, mutumin Dagwaro ta bakin gulbi. Na ci tudu da ƙafa, na ci ruwa da jirgi, na dawo gida da furfura da labari guda. Wanda ke da kunne ya gyara zama.

Tun ina yaro ciwon kallon sama ya kama ni, kuma ba a samo maganinsa ba. Malamina ya koya mini taurarin da manomi ke shuka da su, su Dira'a da Nasara da Ɗarfa, ya koya mini na matafiya da na masunta. Da tsufa ya cim masa sai ya ce, "Cindo, abin da ke tuluna ka shanye. An ce can ƙarshen arewa akwai mutanen da duhu ke rufe su wata da watanni, sun san taurari kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. In kana da ƙafa, ga hanya."

Ina da mata, sunanta Marka, don a ƙarshen marka aka haife ta. Na ce ta koma gidan iyayenta ta jira ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, mutumin da ya faɗa rijiyar gidansu sau biyu garin kallon sama, shi zan bari ya tafi ƙarshen duniya shi kaɗai?" Ta ɗaure tukunyarta da ɗan turminta da ƙunshin kuka, ta riga ni fita ƙofa.

Muka ƙetare rairayin da ke kuka in iska ta taɓa shi, muka faɗa Birnin Ƙwarya. A garin nan haramun ne mutum ya ɗaga kai ya dubi sama, wai kakannin sarkinsu ne ke zaune can, ba a kallonsu ido da ido. Mai son ganin wata sai ya zuba ruwa a ƙwarya ya leƙa. Wanda ya saɓa kuwa a ƙwaƙule masa ido. An gaya mini tun a ƙofar gari, na kuma ji da kyau, amma hali zanen dutse. Da magariba muna tsakiyar kasuwa sai ga ni tsaye, haɓa sama, baki buɗe. Masu gadin gari suka nufo mu. Ban ankara ba sai na ji dunƙulen hannun Marka a kan hancina, jini ya ɓalle. Ta riƙe mini ƙeya tana cewa, "Ku taimaka da ruwan sanyi, bayin Allah, haɓo ne ke damunsa tun yana goye." Suka kawo ruwan da kansu, har da yi mini sannu. Hancina bai sake miƙewa daidai ba, amma idanuna suna nan.

A bakin teku muka sami wani dogon jirgi mai kan maciji a goshi. Mutanensa jajaye ne, gemunsu kamar gashin masara, sun kawo fatu suna musaya da gishiri. Sarkin jirgin, Ketil, ƙato ne marar yawan magana. Na zana masa taurari bakwai na arewa a kan yashi, ya duba, ya gyara mini guda da yatsan ƙafa, ya nuna mana jirgi. Tafiyar ta yi tsawon da har muka iya yarensu, Marka ma ta riga ni, don ta fi ni bukatar yin faɗa. Mun ga kifin da ya fi zauren sarki girma yana fesa ruwa ta tsakar ka. Mun ga inda teku ta daskare ta zama dutse fari, mutane suka sauka suka ja jirgi a kai. Rana ta yi ta ƙanƙancewa, yau ta leƙo ta koma, gobe ta leƙo ta koma, har ta daina leƙowa. A cikin wannan duhun muka isa ƙasarsu, Tsibirin Hankaka.

Ni na fara diro wa daga jirgi don ɗoki. Marka ta tsaya neman taɓaryar turminta da ta shige ƙarƙashin fatu, ta rantse ba ta sauka sai da ita. Ta daɗe. A bakin gaɓa akwai wata tsohuwa tsaye da sanda, kanta a sama, ba ta ko dubi fuskokinmu ba. Da ƙafata ta taɓa ƙasa ta faɗi kalma ɗaya. Da ƙafar Marka ta taɓa ƙasa ta faɗi wata, sai na ga mutane sun ja da baya. Tsohuwar ita ce Halbera, mai kula da taurarin tsibirin.

Washegari, in ana kiran duhu washegari, ta kai ni wurin aikinta. Fili ne a kan tudu, an kewaye shi da turaku na haƙorin dabbar ruwa, kowanne da zane, kowanne na tauraro guda. Ta ce kowane tauraro tsayayye turken wani ne daga cikin allolinsu. Wanda ba ya motsi a arewa, da suke kira Ƙusar Sama, na Tir ne mai hannu ɗaya, wanda ba ya karya rantsuwa. Bakwai ɗin da ke zagaya shi keken Odin ne mai ido ɗaya. Ukun nan da ke jere, mazarin Firiga ne matarsa. Jan da ke sama da su na Tor ne mai guduma. In an haifi yaro, Halbera ta duba tauraron da ke tsaye a kudu, ta ƙulla igiya da sunan yaron ta ɗaure a turken tauraron. Daga nan an san halinsa da sana'arsa. 'Ya'yan Tor su ne maƙera da matuƙa, masu saurin fushi da saurin hucewa. 'Ya'yan Firiga masu saƙa ne da riƙon asiri. Baƙo kuwa, tun da ba a ga haihuwarsa ba, saukarsa ce haihuwarsa.

"Kai ɗan Odin ne," in ji ta, "masu sayar da ido su sayi sani, ba sa mutuwa a gida."

Marka ta ce, "Wannan kam sun gane ka."

Kowane turke cunkus yake da igiyoyi, ban da guda a can gefe, mai igiya ɗaya sabuwa fil. Na tambaya. Halbera ta nuna mini babban tauraron nan fari mai ƙyalƙyali da mu muke kira Shi'ira. Ta ce su Wutar Loki suke ce masa, Loki kuwa shi ne maƙaryacin allolinsu, mai haɗa faɗa ya koma gefe. Igiyar ta Marka ce. Ɗan Loki ba ya taɓa wuta, ba ya hura ta, ba ya ɗora tukunya. Na ce in dai wannan ne da sauƙi.

Na yi mamakin yadda tsibiri guda ba a taɓa haihuwar kowa ƙarƙashin tauraron da ya fi kowanne haske ba. Marka ce ta jiyo dalili wurin mata. In naƙuda ta zo Wutar Loki na tsaye, ungozoma sai ta rufe ƙofa, ta toshe bakin jariri da nono, ba a bari a ji kukansa sai tauraron ya gota. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Baƙo ne kaɗai ba shi da ungozomar da za ta rufa masa asiri.

Na zauna ina karatu wurin Halbera, kuma na ƙaru, don tsohuwar ta san sama. Sai lokacin dawowar rana ya yi. Akwai wata tsaga a jikin dutsen kudu inda take fara leƙowa kowace shekara. Mutane suka taru, suka jira, ba ta leƙo ba, wani baƙin gajimare ya tokare wurin ya ƙi gusawa. Kifi ya yi nisa, yara suka fara tari. Dattawa suka zauna, ba su daɗe ba suka tashi. Ketil ne aka aiko ya gaya mini, bai iya duban idona ba. Ya ce a irin wannan shekara Loki ne ke riƙe da rana, kuma ba ya saki sai an ba shi nasa. Ana sa ɗansa a kwale-kwale ba filafili, a tura shi teku.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na tashi na tafi gaban dattawa na ce da Halbera, "Inna, a dokarku wanne ne gaba, tauraron haihuwa ko na sauka?"

"Na haihuwa," in ji ta, "in an san shi."

"Na matata an san shi. Uwarta ta sha faɗa, asubar da aka haife ta hadari ya yaye, tauraron Suhaili ya fito karon farko a shekarar."

"Nuna mini shi."

"Ba ya nan. Yana ƙarƙashin tekunku ta kudu."

Dattawa suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Suka ce sama akushi ce da aka kife, tana juyawa a kan Ƙusa, abin da ke ciki duk sun gani sun raba wa masu shi, abin da ba ya ciki babu shi. Na ce a garinmu Ƙusar nan taku tana can ƙasa, ba ta fi tafin hannu daga doron ƙasa ba, kuma kudu cike take da taurarin da ba ku taɓa gani ba. Halbera ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce in kwatanta mata shi. A nan bakina ya ja mini. Maimakon in ce wani ɗan tauraro ne, sai malanta ta motsa, na ce fari ne, babba, in ka cire Wutar Loki babu mai haskensa, kuma daidai ƙarƙashinta yake tsayawa.

Aka yanke magana. Ketil zai tuƙa mu kudu, da ni da Marka da Halbera. Za a cika ganga ɗaya da busasshen kifi, daga ita kaɗai za a ci. In tauraron ya fito kafin ganga ta ƙare, an kwance Marka. In ganga ta riga ƙarewa, kwale-kwale na ɗaure a bayan jirgi. Aka rantse da Tir mai hannu ɗaya, Halbera ta kwanto igiyar Marka ta ɗaura a kan sandarta.

Muka ja jirgi a kan ƙanƙara har muka sami ruwa. Rana ta dawo mana a hanya, Ƙusar Sama ta fara sunkuyowa kaɗan-kaɗan. Da tafiya ta miƙa sai ƙananan taurari suka fara ɓullowa daga gindin sama ta kudu. Halbera takan zauna a goshin jirgi da magariba tana dubansu, leɓunanta na motsi, tana neman sunansu ba ta samu. Marka ta matso kusa da ni ta ce, "Ka gani ko, Malam? Da ka ce ƙarami ne da tuni mun huta. Amma ina, sai ka nuna kai ka sani."

Amma ba ta tsaya ga mita ba. Ta ga yadda matuƙan ke cin kifi, kowa ya ɗauki guda ya yaga kamar kura, ta ce wannan ɓarna ce. Tun da an hana ta wuta, ni ta sa. Na daka kifi a turminta, na ɗora tukunya, tana tsaye a kaina tana cewa in ƙara ruwa, in kaɗa kuka, in yanka ciyawar teku in zuba. Kifin da mutum ɗaya ke cinyewa ya zama miyar jirgi guda. Matuƙan suka yi ta dariyar ɗan Odin da taɓarya, amma sun sha, har da neman ƙari. Ketil ya gane abin da ake yi sarai, ya kau da kai.

Wata rana yana riƙe da akalar jirgi na tambaye shi labarin wata tsohuwar igiya da na gani ɗaure a wuyan hannun Halbera, ta yi baƙi don daɗewa. Ya ce, "Mace ɗaya ce a tsibirinmu ba ta toshe bakin ɗanta ba. Ta ce mai kula da taurari ba ta yi wa sama ƙarya. Da hannunta ta ɗaura shi a turken Loki. Sunansa Orri, tare muka koyi tuƙi. Ya fara gemu aka yi shekara irin wannan." Sai na gane matar Halbera ce, igiyar kuwa ta Orri.

Kuka ta ƙare, aka koma rabon kifi gutsure-gutsure. Matuƙan suka rame, dariya ta ɗauke, suka fara duban kwale-kwalen da ke bayan jirgi. Ba miyagu ba ne, yunwa ce, ga gida ya yi nisa. Sai dai gangar ta ƙi ƙarewa yadda lissafi ya nuna. Marka ce ta gano dalili. Ta ga Halbera na karɓar rabonta, ta ɓoye a hannun riga, in ido ya ɗauke ta mayar cikin ganga. Marka ta je ta zauna kusa da ita, ta raba nata gutsuren biyu ta miƙa mata.

"Inna, ci. In kika mutu wa zai kwance ni?"

"Ba don ke nake yi ba, 'yar nan," in ji Halbera. "So nake in gani."

"To ki gani da rai."

Tsohuwar ta karɓa ta ci.

Duk da haka ranar ta zo. Da hantsi aka kife ganga, ba abin da ya faɗo sai garin gishiri. Kwana da kwanaki wani hazo ya kwanta a gindin sama ta kudu, ba a ganin komai ta nan. Matuƙan suka jawo kwale-kwale. Na roƙi Ketil, na ce a sa ni a madadinta, ya ce Loki ba ya karɓar ɗan Odin, kuma rantsuwa rantsuwa ce. Marka ba ta jira an kama ta ba. Ta miƙo mini turminta ta ce, "Ka riƙa shafa masa mai, kada ya tsage. Kuma in kana tafiya ka riƙa duban gabanka." Ta sauka da kanta ta zauna, ta gyara ɗaurin zanenta.

A al'adarsu mai kula da taurari ce ke sakin igiyar kwale-kwale. Aka miƙa wa Halbera. Ta naɗe ta a hannu ta ce, "An ce ranar da ganga ta ƙare. Ranar ba ta ƙare ba." Wani matuƙi ya yi gunaguni, Ketil ya dube shi sau ɗaya, matuƙin ya bari. Haka tsohuwar nan ta riƙe igiya tun hantsi har rana ta yi ja, igiyar na yankar tafinta, ta ƙi a karɓe ta.

Rana ta faɗi. Ni dai ina durƙushe a gefen jirgi ina kallon Marka, tana hawa tana sauka a kan ruwa, tana yi mini alama da hannu in share fuskata. Tun da na yi wayo, wannan ce magariba ta farko da ta same ni ban ɗaga kai ba. Na ji iska ta juya ta bugi ƙeyata, ban kula ba. Sai na ji muryar Halbera, a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"Ɗan Odin, wancan ne?"

Na juya. Hazon ya yage, Wutar Loki na tsaye a sama, can ƙasa da ita kuwa, dab da ruwa, ga Suhaili fari tas yana rawa, yadda nake ganinsa daga bayan gidanmu a Dagwaro. Na ce shi ne. Matuƙan suka tsaya cik, wani ya rufe fuska da hannu. Ketil ya karɓi igiya ya jawo kwale-kwale da kansa, ya ɗago Marka kamar ɗiyarsa. Halbera ta kwance sabuwar igiyar daga sandarta ta jefa a ruwa.

Ba ta bar kallon tauraron ba. Ta ce, "Na wane ne a cikin allolinku?"

"Ba na kowa ba ne, Inna. Halitta ce kamar ni da ke. Ba a ɗaure kowa a jikinsa."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga sandarta ta auna daga Wutar Loki zuwa Suhaili, ta sauke, ta sake aunawa. Ta fi ni sanin sama, na kuma ga inda lissafinta ya nufa tun kafin ta kai, na so a ce ba ta kai ba.

"Kullum tare suke tsayawa?"

"Kullum."

"Ko ana ganinsa ko ba a gani."

"Ko ana gani ko ba a gani."

"To ranar da na haihu ma yana nan a ƙasa."

Marka ce ta amsa, ta ce, "Yana nan, Inna."

Halbera ba ta yi kuka ba, mutanen can ba su cika yi ba. Ta zauna a kan gangar da aka kife, ta daɗe tana fama da ƙullin tsohuwar igiyar da ke wuyan hannunta, yatsunta sun kumbura, sai da ta sa haƙori. Da ta kwance ta sai ta kama hannun Marka ta danƙa mata. Ta ce ita za ta koma, akwai turken da za ta sassaƙa marar zane, ta kafa shi kusa da na Loki, ungozomomi su huta da rufe ƙofa. "Amma wannan ba zai koma can ba," in ji ta. "Ki kai shi inda ake ganin tauraronsa."

Suka sauke mu a gaɓa ta farko, suka juya arewa, ba mu sake jin labarinsu ba. Mu kuma muka kamo hanya, muka zagaye Birnin Ƙwarya ta baya, don hanci ɗaya gare ni.

In ka shigo gidanmu a Dagwaro za ka ga turke a kusurwar kudu, ba akuya a jikinsa, sai wata baƙar igiya. Baƙi kan tambaya, yara kan so su kwance ta su yi wasa, Marka ta kore su da muciya. Kowace shekara in marka ta ja baya, asubar da Suhaili ya fara fitowa, ita ke tashina, ni da nake malamin taurari. Mu fita tsakar gida, ta dafa turken ta ce, "Orri, ga naka can ya fito." Sa'an nan ta je ta hura wuta.